An Sallaci Mai Rai a Bakin Kanal

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, da masu tambayar ko an sa rana, da masu cewa in turo musu hoton anko tun kafin a zaɓe shi. Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Yau ba da raha na zo ba, duk da na san akwai wurin da za ku yi dariya. Ba zan ga laifinku ba, ni ma da a kan wata abin ya faɗa da na dara.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Ummul-Khairi, a gida Ummu ake ce mini. Ƙauyenmu yana gefen Kadawa, inda ruwan kanal ya hana mu sanin bambancin rani da damina. Babana malamin Islamiyya ne, da safe yana gona, da yamma yana gaban ɗalibai. Wanda nake so kuwa Jamaluddeen ne, mai gyaran injin ban ruwa a Kura, kuma Juma'ar nan aka shirya magabatansa za su zo a tsayar mana da rana.

Sai na fara gaya muku wani abu game da Baba, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ina da wa, Yaya Abdulsamad, shi kaɗai ne namiji a gidanmu. Shekarun baya ya bi motar tumatir zuwa kudu, motar ta kife da su a hanya. Kafin labari ya iso mana, Hausawan garin da abin ya faru sun yi masa sutura sun binne shi, Allah ya saka musu da alheri. Jakarsa kawai ta dawo gida. Baba, wanda rabin mamatan ƙauyenmu shi ya sallace su, bai samu ya tsaya a kan ɗansa ba. Bai taɓa buɗe baki ya yi wannan maganar ba, amma tun daga lokacin jana'iza ba ta wuce shi. Ko a cikin adaidaita yake ya hango makara, sai ya ce a sauke shi, ya san mamacin ko bai san shi ba. In mun yi ƙorafin yana wahalar da kansa, Umma takan ce mu ƙyale shi, ɗansa yake nema a cikin 'ya'yan mutane.

Jamalu abokin Yaya ne, shi ya je ya ɗauko jakar nan. Daga nan ƙafarsa ba ta ɗauke daga gidanmu ba. Injin Baba ya yi tari, Jamalu. Taki ya iso Kura, Jamalu. Baba ba ya kiran sunansa ma, sai dai ya ce ɗana. Ni kuwa ban san ranar da gaisuwar "ina yini Yaya Jamalu" ta koma abin da ta koma ba, na dai tsinci kaina ina gane ƙarar babur ɗinsa a cikin ta mutane goma.

Ranar da abin ya faru, da sassafe saƙonsa ya shigo:

"Barka da asuba gimbiyar Kadawa. Yau ina da ɗan aiki a wajenku, amma ba na inji ba ne. In na gama zan ba ki labari, sai kin riƙe ciki."

Na tambaye shi aikin mene ne, ya ce sirri ne, ya haɗa da hoton nan na biri mai rufe baki. Na tura masa na harara na ajiye wayar, don Umma tana ta ƙwala mini kira. Turara shinkafa take yi a tsakar gida, hayaƙi ya cika ko'ina, saboda haka kai abincin gona ya faɗo kaina. Garau-garau na zuba wa Baba a kula, mai da yaji a 'yar roba, na yanka masa tumatir da albasa yadda yake so, manya-manya, na cika jarka da kunun tsamiya. Na sa doguwar rigata ta atamfa koriya da ta sha wanki, na zura hijabi ruwan toka, na kama hanya rana tana dukan tsakiyar kai.

Hanyar gonarmu ta kan gaɓar babban kanal take bi. Akwai wani wuri mai itatuwan mangwaro, inda gaɓar ta yi tudu, kana iya hango gonaki har iyakar ganinka. Kullum in ka ga mutum a wurin, to mai kiwo ne ko mai hutawa. Ranar kuwa farar bas na tarar, da kujerun roba, da wayoyin lantarki a ƙasa kamar an shanya igiyar guga, da samari masu matsattsun wanduna suna kai da kawowa. Wata mata ta sha leshi da kwalliyar biki tana zaune ana yi mata fifita. Ina ganin fuskarta na gane ta, a waya na san ta. 'Yan fim ne, a ƙauyenmu, a hanyar gonarmu.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. A gidanmu ba a kallon fim, amma wace ce a cikinku ba ta san yadda ake rage murya a cusa waya cikin hijabi ba? Na rage tafiya, na ce bari in ɗan ba idona abinci. Wata budurwa mai rataye da babbar jaka ta yafito ni ta ce in tsaya a bayanta kada in shiga hoto. Barira sunanta, aikinta riƙe wa 'yan wasa wayoyi da huluna da agogo in za su shiga. Ta ce yau jana'iza suke ɗauka, saurayin yarinyar fim ɗin ne ya rasu.

Ta nuna mini can ƙasa, a wani fili da aka gama girbe shinkafarsa. Mutane 'yan kaɗan ne sanye da manyan riguna, sun ajiye makara an lulluɓe ta da sabuwar tabarma, wani mai rawani ya tsaya a gaba a matsayin liman. Kyamarar tana nan sama a inuwar mangwaro, daga nesa take janyo su, wanda yake ƙasa ba zai ma san da ita ba. Daraktan yana zaune gaban wata 'yar talabijin yana ta mita, wai mutanen sun yi kaɗan, wa ya taɓa ganin jana'izar saurayi da sahu ɗaya.

Bai rufe baki ba na ga manoma sun fara ajiye fartanya. Mutanenmu ke nan. Ba sa tambayar gawar wane ne, in an ga makara an ga lada. Wannan ya fito daga cikin tumatir, wancan ya bar injinsa yana zuba, suka tsuguna a bakin ƙaramar hanyar ruwa suna alwala da sauri. A cikinsu na hango malafar da ko a mafarki na gan ta zan gane ta, da tsohuwar jamfar gona mai faci a kafaɗa. Baba ne, yana tafe yana naɗe hannun riga.

Na kama hannun Barira na ce mata wancan mahaifina ne, malami ne, bai san wasa ake ba, don Allah a gaya masa. Ta je ta raɗa wa daraktan. Ya leƙa talabijin ɗinsa, ya ga sahu ya zama uku, ya ga farin gemun Baba, sai ya ce a bar su, wannan ko da kuɗi ba za a samu irinsa ba, in an gama za a ba su haƙuri.

'Yan uwa, a nan ne ya kamata in ajiye kular nan in ruga. Tsakanina da Baba ba wata tafiya ba ce, ko daga inda nake na ɗaga murya zai ji ni. Amma ku gaya mini, wace 'yar malam ce za ta keta sahun maza, makara a gabansu, tana kiran ubanta? Tun ina ƙarama aka koya mini in an fito da gawa mace takan koma ciki. Na san ba gawa ba ce, amma ƙafafuna ba su sani ba. Na tsaya kamar an dasa ni.

Manoman suna ganin Baba suka fara cewa ga Malam ya iso, a ba shi wuri. Limamin fim ya waiga wajen mangwaro yana neman mai cetonsa, daraktan ya yi masa alama da hannu ya ja baya. Ashe sun ɓoye abin ɗaukar magana a jikin makarar, don haka muryar Baba ta fito tar daga 'yar talabijin ɗin, kamar a kunnena yake magana.

"Namiji ne ko mace?"

"Namiji ne, Malam."

"Babba ko yaro?"

"Saurayi ne."

Na ji fitar numfashin Baba. Ya cire takalmansa ya taka su, ya gyara tsayuwa.

A lokacin idona ya faɗa kan wani babur a jingine bayan bas, da akwatin kayan gyara ɗaure a bayansa. Na Jamalu ne. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce Alhamdu lillahi, ashe aikin da yake faɗa ke nan, shi ya rako su. Shi namiji ne, shi zai iya zuwa ya raɗa wa Baba a kunne. Na danna lambarsa. Baba ya yi kabbarar farko, waya ta fara kuka a cikin jakar Barira. Ta lalubo ta da sauri tana tsaki don ta kashe, ta ce wayar gawar ce ba a rufe ba.

Na ce, "Wayar wa?"

Ta juyo mini da fuskar wayar. Sunan da ke yawo a kai "Amanar Abdul" ne. Ban taɓa sanin haka ya ajiye sunana ba sai ranar.

Ta ce ai wanda zai fito a gawar ne ya ƙi, ya ce shi ba za a naɗe shi a likkafani ba yana da ransa, shi ne mai gyaran injin da ya nuna musu wurin ya ce shi zai kwanta, kwanciya ce kawai. Tana magana ina jin ta kamar daga cikin rijiya.

Addu'ar gawa a ɓoye ake yin ta, amma na'urar nan ba ta san sirri ba. Duk raɗar Baba sai da ta kwaso. Na ji yana nema wa mamacin gafara da rahama, muryarsa tana karyewa yana gyara ta. Na sha jin Baba yana addu'a, ban taɓa jin irin wannan ba. Kafin kabbarar ƙarshe ya bar Larabci ya koma Hausa, a hankali, kamar mai jin kunyar roƙon:

"Ya Allah, da nawa yaron. Da Abdulsamad."

Matar nan mai leshi ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Daraktan ma ya sunkuyar da kai, amma bai ce a tsaya ba. Ni kuwa hawaye ya wanke mini fuska, ina tunanin in ni da nake nesa na ji, to wanda yake kwance a gaban ƙafafun Baba fa?

Da aka sallame, Baba ya goge ido da hannun riga, ya sunkuya ya kama gaban makarar da kansa. Ya tambayi inda aka yi kabarin, ya ce a hanzarta, rana tana yi, ba a barin mamaci yana jira. Manoma suka kama, aka ɗaga, aka fara tafiya ana salati. Sai a lokacin daraktan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙe ya daka tsawa da Turancin 'yan fim na a tsaya, ya ce "Kat!" Mutanenmu ba su san wannan kalmar ba, suka ci gaba da tafiya. Sai da 'yan wasan suka sha gabansu suna roƙo a sauke, wani yana cewa zafi zai kashe shi a ciki.

Aka sauke. Aka yaye tabarma, aka kwance ƙullin kai. Jamalu ya tashi zaune, gumi ya jiƙa likkafanin sharkaf, an shafe masa fuska da farar hoda, auduga a hancinsa. Wasu suka watse da gudu suna Innalillahi, wani tsoho ya zube a kan kunyar gona. Da aka gane abin da ake ciki kuwa wuri ya rikice, masu zagi na yi, masu neman sanda na yi, Dattijo maƙwabcin gonarmu yana rantsuwa sai ya jefa kyamarar a kanal. Daraktan ya sauko yana ba da haƙuri, yana cewa da izinin mai gari suka zo.

Baba ya daɗe yana kallon Jamalu, Jamalu yana kallon ƙasa. Daga nan ya ɗaga hannu ya hana Dattijo, ya sa takalmansa, ya bi ta cikin gonaki ya nufi gida. Ni ma na juya da kulata yadda na zo da ita.

Na tarar har labari ya riga ni isa. Umma ta bar shinkafarta a kan wuta tana zaune a bakin ƙofa ta yi tagumi, Baba ya shige ɗakinsa ya saki labule. Bai ci abinci ba, sallah kawai take fito da shi. Ina ɗaki saƙon Jamalu ya shigo:

"Barira ta gaya mini kina wajen. Don girman Allah kada ki faɗa. Ki bar laifin a kaina ni kaɗai. Ina zuwa wajen Malam."

Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, ga kuma tausayinsa ya cika ni.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. 'Yan makaranta sun fara taruwa a rumfar waje, Baba ya sa aka ce su jira, ya shiga soro. Na lallaɓa na raɓe a bayan ƙofar da ke shigowa cikin gida. Ta tsagar ƙyauren na ga Jamalu a durƙushe a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma, ya sha wanka amma akwai sauran hoda a bayan kunnensa. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce wallahi bai san abin zai kai haka ba, cewa aka yi 'yan wasa ne kaɗai za su tsaya, shi ya ɗauka abin dariya ne. Baba ya bar shi har ya gama.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Baba. "Da na ce namiji ne ko mace, ka ji?"

"Na ji, Malam."

"Ka gane muryar?"

"Na gane."

"Ka ci gaba da kwanciya."

Jamalu ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya ce kunya ce. Ya ce shi da ko hula ba ya iya cirewa a gaban Malam, shi da yake canja hanya in ya hango shi a kasuwa tun da maganar aure ta shigo, ta yaya zai tashi a gabansa cikin likkafani da auduga a hanci? Ya ce ya yi ta addu'a a zuciyarsa a gama a ɗauke shi, Malam ya koma gona bai taɓa sanin wane ne ba. Da ya ji sunan Abdul kuwa, ya so a ce mutuwar ta gaske ce.

Na yarda da shi, 'yan uwa. Na yarda da kowace kalma, domin na san abin da ya danne shi, ni ma shi ya danne ni.

Baba ya ce ya ji, kuma ya yafe, ba ya riƙe da shi. Har zuciyata ta fara sauka. Sai ya tambaye shi ko ya san ma'anar addu'ar da ake yi wa gawa. Baba ya ce bari ya fassara masa, da muryar nan da yake biya wa yara karatu.

"Cewa ake, Allah ka musanya masa gida da wanda ya fi gidansa, da dangi waɗanda suka fi danginsa, da mata wadda ta fi matarsa. Wannan na roƙa maka, Jamaluddeen, da zuciyar da ban taɓa roƙa wa kowa da ita ba. Ni kuma ban san yadda ake janye addu'a ba. Ka gaya wa magabatanka kada su wahalar da kansu ranar Juma'a. Allah ya ba ka wadda ta fi Ummu."

Da sunansa Jamaluddeen Baba ya kira shi, bai ce ɗana ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ban san lokacin da Jamalu ya fita ba, na dai ji babur ya tashi da ƙyar. Kafin in bar wurin Baba ya turo ƙyaure ya same ni a tsaye, fuska jage-jage. Bai yi faɗan laɓe ba. Ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ya ce da yake dawowa ya hango hijabina a kan gaɓa, a gindin mangwaro, wajen masu na'ura.

"Tun yaushe kike wurin, Ummu?"

Umma tana bayansa daga nesa, tana girgiza mini kai a hankali. Wayata tana cikin hannuna da saƙon Jamalu a ciki. Da na ce isowata ke nan aka fara hayaniya, Baba zai yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Zan zauna a 'yarsa mai hankali, Jamalu ya tafi da laifin shi kaɗai, kamar yadda ya roƙa. Amma na ga ba zan iya barin a kore shi a kan abin da ni ma na yi ba.

Na ce, "Tun kafin ka yi alwala, Baba. Na san wasa ne. Kunya ce ta hana ni."

Yaran makaranta suna ta hayaniya a waje, shinkafar Umma tana ƙauri a kan wuta ba wanda ya kula. Sai ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe ku biyu ne a kwance."

Ya juya ya fita wajen ɗalibansa, na ji ya yi bisimilla ya fara biya musu. Juma'a tana ta matsowa, Umma ba ta kwance ƙullin goron da ta tanada ba, Baba kuma har yanzu bai sake kiran sunana ba.